Tsautsayin Hanci Bayan Tiyatar Gyara: Nazari a Kan Lokacin Jinya a Ƙasar Damagaram

Tsakure

Maƙalar ta dubi raunin da kan sami hanci bisa tsautsayi a makonnin da ke biyo bayan tiyatar gyaransa. Ta ɗora abin da ilimin tiyata ya tabbatar game da warkewar ƙashi da guringuntsi da fata a kan rayuwar yau da kullum ta birnin Zinder da karkararsa. Abin da nazarin ya fitar shi ne, tsawon lokacin da majinyaci ya ɗauka kafin ma'aikacin lafiya ya duba shi ya fi ƙarfin bugun tasiri a kan makomar hancin, kuma kashedin da aka saba bayarwa bayan tiyata ya tsallake yawancin hanyoyin da bugu ke zuwa ta cikinsu a wannan ƙasa.

1.0 Gabatarwa

Aikin gyaran hanci iri biyu ne. Akwai na kwalliya, inda lafiyayyen mutum ke neman a rage masa faɗi ko a ɗaga masa karan hanci. Akwai kuma na maido da abin da cuta ko haɗari ko nakasar haihuwa ta ɓata. Na biyun ne ke da dogon tarihi a Damagaram. Tun shekarar 1992 gidauniyar Sentinelles, wadda Edmond Kaiser ya kafa a Lozan ta ƙasar Suwizalan a 1980, take da cibiya a Zinder domin yaran da cutar noma, wato zaizayar baki, ta ci wa fuska. Wasu an yi musu aiki a cikin Nijar, waɗanda raunin nasu ya yi tsanani kuma an kai su asibitocin jami'a na Janeba. Ban da su akwai masu tsagewar leɓe wadda ke karkatar da hanci, da waɗanda suka karye a haɗarin babur ko mota.

Ko wane iri aka yi, hancin da ya fito daga ɗakin tiyata sai ya shafe makonni bai iya kare kansa ba, alhali shi ne gaɓar da ta fi kowace fitowa a fuska. Manufar wannan maƙala ita ce ta tantance abin da ke faruwa idan an buge shi a wannan tsakani, ta gano inda bugun ya fi fitowa a zaman gida da ibada da tafiya a Damagaram, sannan ta fayyace wa'adin da ma'aikacin lafiya ke da shi kafin gyara ya gagara.

2.0 Waiwayen Ayyukan da Suka Gabata

Fargabar tsautsayi bayan aiki daɗaɗɗiya ce a wannan fanni. Littafin Sushruta na tsohuwar Indiya ya bayyana yadda ake gina hanci da fatar kunci. Gaspare Tagliacozzi na Bolonya, a littafinsa na 1597, ya yi amfani da fatar dantse, sai ya zama dole a ɗaure hannun majinyaci a jikin kansa na makonni, domin fizga ɗaya tana iya raba fatar da hancin. Dabarar amfani da fatar goshi ta isa Ingila ta hanyar wani rahoto da mujallar Gentleman's Magazine ta buga a Oktoban 1794, Joseph Carpue kuma ya gwada ta a Landan a 1814. Tiyatar kwalliya ta zamani ta samo tushe daga John Orlando Roe a Amurka a 1887 da Jacques Joseph a Balin daga 1898. A 1985 Burget da Menick suka kawo tsarin kasa hanci sassa-sassa a gyara kowane sashe ɗungurungum, daga baya Menick ya yaɗa aikin fatar goshi mai zango uku.

A ɓangaren noma, Montandon da abokan aikinsa sun kasa raunin gida huɗu a 1991, kuma gida na biyu shi ne wanda cutar ta cinye leɓen sama da hanci. A 1998 Marck da abokansa, daga aikin da suka yi a Sakkwato, suka fitar da ma'aunin NOITULP, wanda harafinsa na farko ke auna yawan hancin da ya salwanta. Ƙungiyar bincike ta GESNOMA ta Janeba ta gudanar da nazari a yankin Zinder daga 2001 zuwa 2006, aka buga shi a 2013 ƙarƙashin jagorancin Baratti-Mayer. Nazarin ya kwatanta yara 82 masu cutar da yara 327 marasa ita, ya kuma danganta ta da tamowa, da zawo ko ciwon ƙirji na kwana kusa, da yawan cikin da uwa ta yi a baya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta shigar da noma cikin jerin cututtukan ƙasashe masu zafi da aka yi sakaci da su a ranar 15 ga Disamba 2023, bisa buƙatar da Najeriya ta jagoranta.

Waɗannan ayyuka sun mai da hankali ne a kan sanadin cuta da dabarun wuƙa. Kashedin bayan aiki kuwa, wanda ake bai wa majinyaci a takarda, ya fito ne daga asibitocin kwalliya na Turai da Amurka. Abin da ke cikinsa sananne ne: kada a sa tabarau, kada a yi iyo, kada a buga ƙwallo, a kwanta a kan filo biyu. Wanda aka rubuta wa wannan takarda babba ne, yana kwana shi kaɗai a gado, likitansa kuma yana cikin gari ɗaya da shi. Yaron da zai koma wani ƙauye na Tanut ko Magarya bai cika ko ɗaya daga cikin waɗannan sharuɗɗa ba.

3.0 Hanyar Nazari

An bi hanyar ƙwanƙwance bayanai. An tattara abin da littattafan tiyata suka daidaita a kansa game da matakan warkewa, aka jera al'amuran yau da kullum da kan kai hannu ko ƙasa ko wani abu ga hanci, sannan aka auna kowane al'amari da matakin warkewar da ya fi yi wa barazana. A abin da ya shafi ibada an dogara ga littattafan Malikiyya da ake karantawa a zaurukan ƙasar, wato Ahalari da Risala da Muhtasar.

An yi amfani da kalmomin fannu huɗu. Shamakin hanci shi ne bangon guringuntsi da ƙashi da ya raba ƙofofin hanci biyu. Yankan ƙashi shi ne tsaga ƙasusuwan karan hanci da likita ke yi da gangan don ya daidaita su. Dashe shi ne guntun guringuntsi da aka ɗebo daga kunne ko haƙarƙari ko shamaki aka dasa a wani wuri. Reshen fata kuma fata ce da aka juyo daga goshi zuwa hanci ba tare da an raba ta da jijiyar da ke ba ta jini ba.

4.0 Yadda Hanci Ke Warkewa

4.1 Fata da ƙashi

Kowane rauni yana bin matakai uku: kumburi a kwanakin farko, tofon sabon nama har wajen mako na uku, sai ƙarfafa tabo wanda kan kai shekara ko fiye. Ɗinkin da ya cika mako uku bai wuce kashi 20 cikin ɗari na ƙarfin lafiyayyar fata ba. Sai wajen wata uku yake kusantar kashi 80, kuma a nan yake tsayawa.

Ƙasusuwan karan hanci sirara ne. Bayan yankan ƙashi, likita kan ɗora wani ɗan marufi mai tauri a kan hancin na kimanin mako ɗaya. Ranar da aka cire marufin ita ce ranar da majinyaci da danginsa kan ɗauka an gama, alhali ƙashin a lokacin kamar katangar laka ce da ba ta sha iska ba: a ido ta tsaya, amma wanda ya jingina da ita zai bar shaida. Sai wajen mako shida ƙashin ke kamawa sosai. Tsakanin cire marufi da cikar mako shida shi ne lokacin da ya fi haɗari, domin zafi ya ragu, kariya ta tafi, mutum kuma ya koma harkokinsa.

4.2 Guringuntsi

Guringuntsi ba shi da jijiyoyin jini na kansa. Abincinsa yana zuwa ne daga siririyar fatar da ke lulluɓe da shi. Idan bugu ya sa jini ya taru tsakanin wannan fata da shamakin hanci, guringuntsin ya rabu da abincinsa ke nan, kuma cikin kwana ɗaya zuwa uku yana iya fara mutuwa. Idan ƙwayoyin cuta suka shiga, jinin ya zama mugunya, shamakin ya narke, karan hanci ya lotsa. Wannan matsala ba ta da wata babbar alama a waje, shi ya sa ake yawan kuskure ta.

Dashe kuma, a makonnin farko, ɗinki ne ko matsin aljihun da aka yi masa kawai ke riƙe da shi. Ƙaramin bugu yana iya gusar da shi. Guringuntsin haƙarƙari yana da wata ɗabi'a ta lanƙwashewa da kansa bayan an sassaƙa shi, kamar yadda Gibson da Davis suka bayyana a 1958. Saboda haka hancin da ya karkace bayan watanni ba lalle ne bugu ya jawo ba, kuma bai kamata ma'aikaci ya yi gaggawar ɗora wa uwa laifin sakaci ba.

4.3 Reshen fata

Wannan shi ne aikin da ake yi wa wanda noma ta cinye masa hanci. Ana yanko fata daga goshi, a bar gindinta manne kusa da bakin gira ta wajen hanci, inda jijiyar jini ke hawowa, sai a juyo ta a lulluɓe sabon ginin guringuntsi. Har tsawon mako uku, sabon hancin yana rayuwa ne ta wannan siririn wuya na fata da ya ratsa tsakanin idanu. Bayan nan ne ake raba shi, ko kuma, a tsarin zango uku, a fara rage kaurinsa a sake jira mako uku. Duk abin da ya matse wuyan, ko ya murɗe shi, ko ya fizge shi a wannan lokaci yana iya kashe aikin baki ɗaya. Launin fatar ne ke ba da labari. Idan ta yi fari ta yi sanyi, jini ba ya shiga. Idan ta kumbura ta yi duhu tana tsattsafo baƙin jini, jini ba ya fita. A fata mai duhu canjin launi ba ya saurin bayyana, don haka ɗumi da tauri da kalar jinin da ya fito daga gefen ɗinki sun fi zama abin dogaro.

5.0 Inda Tsautsayi Ke Fitowa

5.1 Salla da alwala

Babu takardar kashedi da aka fassaro daga waje da ke maganar sujada, alhali baligi a Damagaram yana kai goshi da hanci ƙasa sau 34 a sallolin farilla na yini ɗaya, ban da nafila. Haɗarin ta fuska biyu ne. Akwai matsin tabarma ko darduma a kan hancin kai tsaye, akwai kuma sunkuyawar kanta, wadda ke tara jini a fuska ta ƙara kumburi, ta kuma tayar da haɓo a kwanakin farko. Ga mai reshen fata abin ya ninka, tun da goshin da hancin duka suna da ɗinki. A sahun jam'i kuma akwai diddigen na gaba da gwiwar hannun na gefe.

Fiƙihu bai bar wannan a rufe ba. A Muhtasar, sujada a kan goshi ita ce farilla, ta hanci ba ta kai wannan matsayi ba. Risala da Ahalari duka sun yi bayanin sallar majinyaci, inda wanda ba ya iya sujada zai yi nuni, ya sa nunin sujada ya fi na ruku'u ƙasa. A alwala, shaƙa ruwa da fyacewa sunna ne, barinsu ba ya ɓata ta, shafa a kan bandeji kuma halal ne. Fyacewa da ƙarfi na daga cikin abubuwan da likitoci suka fi hanawa a makonnin farko, domin tana iya ɓalle jini ko ta tura iska ƙarƙashin fata.

Matsalar ita ce majinyaci kan ji nauyin tambayar likita game da salla, likitan kuma, musamman baƙo da ya zo aikin ƴan kwanaki, ba ya tunanin faɗa. Dattijon da aka gaya wa kada ya sunkuya zai fahimci ana nufin ɗaukar kaya, ba zai kawo salla cikin lissafi ba. Gyaran wannan ba ya cin ko dala: a ambaci sujada da alwala da sunansu a lokacin sallama, a kuma faɗi ranar da za a koma yin su yadda aka saba. Inda majinyaci ke shakka, maganar limamin unguwa ta fi ta ma'aikacin asibiti shiga. Game da halaccin aikin kansa, hadisin Arfaja ɗan As'ad, wanda aka sare wa hanci a yaƙin Kulab aka kuma yi masa izinin sanya na zinariya, yana cikin Abu Dawuda da Tirmizi. Majalisar Fiƙihu ta Ƙasa da Ƙasa ta halatta tiyatar maido da halitta a zamanta na Putrajaya ta Malesiya a 2007.

Gaisuwar faɗuwa a fada ko gaban manya tana da hukunci ɗaya da sujada ta fuskar lafiya. Haka nan amawalin rawani da niƙabi, idan an ɗaure su tamau a kan karan hanci, matsinsu bai gaza na tabarau ba.

5.2 Cikin gida

Da dare ne kulawa ta fi rauni. Inda yara huɗu ko biyar ke kwana a tabarma ɗaya ƙarƙashin gidan sauro ɗaya, ƙafar ɗan'uwa ko gwiwarsa na iya samun fuskar majinyaci ba wanda ya sani. Shi kansa yana iya juyawa ya kwanta rubda ciki, ko ya sosa wurin cikin barci idan ƙaiƙayin warkewa ya taso. Abin da ake buƙata shimfiɗa ce ta daban, da gidan sauro na daban, da abin tada kai, ko da zane ne aka naɗe. A gidan da ba shi da gidan sauro na biyu, asibiti ya ba da shi tare da magani.

Mace mai shayarwa tana da nata haɗarin: jariri kan wurga kai baya ko ya kai hannu ga fuska ba zato. Yaron da aka yi wa aiki kuma, idan an goya shi, fuskarsa tana bugun bayan uwa a kowane taku, balle idan tana daka. Ɗaukar tulu ko itace a ka yana buƙatar yunƙuri, kuma kayan kan bi ta gaban fuska wajen ɗorawa da saukewa. Jan guga a rijiya mai zurfi sunkuyo ne da nishi a haɗe. Ƙofar ɗaki gajera, igiyar shanya, kan akuya ko ƙahon rago wajen ba da dusa, duk suna daidai tsayin fuskar wani. Riga mai ƙaramin wuya da ake zurawa ta ka ita ma tana goge hanci sau biyu a yini.

5.3 Hanya

Daga Zinder zuwa Yamai kusan kilomita 900 ne. Wanda aka yi wa aiki a babban birni ya kamo hanya a mako na biyu zai yi yini guda a mota, kuma birki ɗaya ya isa ya haɗa fuskarsa da kujerar gaba. A cikin gari kabu-kabu ne abin hawan yawancin jama'a, fasinja kuma yana zaune hancinsa na kallon ƙeyar direba. Hular kwano mai rufe fuska tana kare kai, amma sanya ta da cire ta na matse hanci. Mafita a makonni shidan farko ita ce a bar babur, a hau adaidaita ko mota, a zauna inda ba cunkoso.

Yanayi ma yana da hannu. A hunturu busasshiyar iska da ƙura kan busar da cikin hanci, ɓawo ya taru, majinyaci ya sa yatsa, jini ya ɓalle. Atishawa kan yawaita, kuma ƙa'ida ita ce a yi ta da baki buɗe. A bazara, lokacin da zafi ke haura digiri 40 a Afrilu da Mayu, gumi kan saki filasta da marufi kafin ranarsu.

5.4 Wasa

Langa, kokawa, dambe da ƙwallon ƙafa ba sa buƙatar dogon bayani. Wata uku ne mafi ƙarancin hutun da ya dace ga wasan da ake haɗa jiki. Abin lura kawai shi ne, yaron da ya yi shekaru yana ɓoye fuska, ranar da ya samu hanci ita ce ranar da ya fi ɗokin shiga cikin tsaransa, kuma hana shi na buƙatar haɗin kan malamin makarantarsa, ta boko ko ta allo.

5.5 Taimakon gida

Sau da yawa abin da aka yi bayan bugun ya fi bugun ɓarna. Gashi da ruwan zafi, wanda aka saba yi wa targaɗe, yana ƙara zubar jini, fatar da aka yi wa aiki kuma ba ta jin zafi sosai, tana iya ƙonewa mai ita bai sani ba. Murza man zafi yana gusar da dashe. Mai ɗori gwani ne a hannu da ƙafa, amma bai san inda likita ya tsaga ƙashi ko inda ya dasa guringuntsi ba. Sakiya ko ƙaho a kan kumburin hanci hanya ce ta shigar da ƙwayoyin cuta. Cusa tsumma ko garin magani don tsayar da haɓo haka. Daga kantin magani kuma, asfirin da ibuprofen suna hana jini daskarewa da wuri, farasitamol ne ya dace.

Akan ce tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Maganar tana kwantar da hankalin uwar da ɗanta ya faɗi, kuma wannan amfani ne. Illarta tana zuwa ne idan ta zama dalilin zama a gida a ga abin da hali zai yi.

6.0 Bayan Bugu: Wa'adi Uku

6.1 Na sa'o'i

Akwai alamomin da ba sa jiran wayewar gari. Na farko, toshewar hanci da ke ƙaruwa tare da zafi, musamman idan an haska fitila aka ga wani kumburi ja mai laushi a jikin shamaki, gefe ɗaya ko duka biyu. Wannan taruwar jini ce, maganinta a tsaga a fitar da jinin a sa abin matsewa, a ba da maganin kashe ƙwayoyin cuta. Na biyu, reshen fata da ya canza launi ko ɗumi. Wani lokaci sassauta bandeji ko warware ɗinki ɗaya ko biyu ya isa ya ceto shi, idan an yi da wuri. Na uku, haɓon da ya wuce minti 15 bai tsaya ba. Na huɗu, ruwa garai kamar hawaye da ke ɗiga ta ƙofa ɗaya bayan bugu mai ƙarfi, ko gani biyu-biyu, ko amai da magagi, waɗanda ke nuna raunin ya wuce hanci. Zazzaɓi da wari da mugunya su ma na wannan aji ne, kuma a ƙasar da zazzaɓin cizon sauro ya yi yawa akwai haɗarin a ba da maganinsa a sallami majinyaci ba a leƙa hancin ba.

Kafin a isa asibiti, majinyaci ya zauna, ya ɗan karkato kai gaba don kada ya haɗiye jini, a tara auduga mai tsabta a ƙarƙashin hanci, a ɗora tsumma mai sanyi a kumatu. Matse hanci da yatsu, wanda shi ne taimakon farko na haɓon yau da kullum, ba a yin sa da ƙarfi a hancin da ke da sabon dashe ko reshen fata.

6.2 Na kwanaki

Idan ƙashi ya goce, ana iya mayar da shi ba tare da sabuwar tiyata ba, muddin bai kama a karkace ba. Ga babba wa'adin bai wuce mako biyu ba, ga yaro kuwa kimanin mako ɗaya ne, saboda ƙashinsa ya fi saurin haɗewa. Kumburin kwana biyu ko ukun farko yana ɓoye karkata, don haka wanda aka duba ranar bugu aka ce lafiya lau, a sake duba shi bayan kwana uku zuwa biyar. Hoton ƙashi na yau da kullum ba ya taimakawa sosai a nan, tun da layin da likita ya yanka da layin sabuwar karaya kama ɗaya suke yi. Ido da yatsa da hoton fuskar da aka ɗauka ranar sallama sun fi amfani.

6.3 Na watanni

Wanda ya wuce wa'adi na biyu sai ya jira na uku. Ba a sake buɗe hanci don gyaran siffa sai tabo ya yi laushi kumburi ya sauka, abin da kan ɗauki kimanin shekara guda. Aiki na biyu ya fi na farko wuya: guringuntsin shamaki an riga an taɓa shi, sai an koma kunne ko haƙarƙari, fatar goshi kuma ba ta da yawan da za a yi ta ɗiba. Ga yara akwai ƙarin dalili. Shamaki shi ne ke jan girman hanci da tsakiyar fuska, kuma girman ba ya kammala sai wajen shekara 15 zuwa 16 ga mata, 17 zuwa 18 ga maza. Shamakin da ya narke a shekara bakwai zai nuna illarsa ne a shekara goma sha biyar.

7.0 Sallama da Bibiya

Idan aka ɗora waɗannan wa'adi a kan taswirar jihar Zinder, za a ga inda gizo ke saƙa. Mutumin unguwar Birni ko Zango yana iya isa Babban Asibitin Ƙasa na Zinder cikin rabin sa'a. Na ƙauyen da ke bayan Gure, a damina, yana iya cinye wa'adin farko duka a neman mota. Saboda haka nisan gida ya kamata ya shiga lissafin ranar sallama daidai da yanayin ɗinki. Mai reshen fata bai kamata ya bar kusa da likita ba sai an raba wuyan fatar, wanda aka yi wa yankan ƙashi kuma, idan gidansa ya yi nisa, ya zauna a gari har mako uku aƙalla. Tsarin cibiyar saukar majinyata irin wadda Sentinelles ke riƙe da ita, inda yaro ke zama kafin aiki da bayansa sannan a bi shi har ƙauye, ya dace da wannan buƙata fiye da tsarin tawagar da ke zuwa ta yi aiki ta tashi.

Wanda zai fara ganin majinyaci bayan bugu ba likitan tiyata ba ne, ma'aikacin jinya ne na cibiyar lafiya ta CSI mafi kusa. Abin da yake buƙata kaɗan ne: fitilar hannu, sanin kamannin jinin da ya taru a shamaki, da lambar wayar wanda ya yi aikin. Takardar sallama ta faɗi abin da aka yi dalla-dalla, ko an yanka ƙashi, ko akwai dashe da inda aka ɗebo shi, da ranar da mako shida zai cika. Hoto uku na fuska, gaba da gefe da ƙasan hanci, a ajiye su a wayar wani ɗan gida, ta yadda za a iya tura sabo da tsoho ta WhatsApp likita ya kwatanta. Bayanin baki kuma a yi shi da Hausa ko Barbarci ko Fulatanci ko Buzanci, gwargwadon harshen gidan, a gaban wanda zai yi jinyar da kansa. Sau da yawa wanda ya rako majinyaci asibiti namiji ne, mai kwana da shi a ɗaki kuwa uwa ce ko kaka, kuma ita ce ya kamata a nuna wa yadda ake haska fitila a cikin hanci.